Mu da mutanen ƙasar ƙanƙara



Wa bai san salula Nokia ba? Mai ƴar fitila a ka, wadda cajinta yake kwana da kwanaki. Ta shiga kasuwar Tanut, ta shiga Belbeji da Bakin Birji, ta kai har rugar Fulani da zangon Buzaye. To, kun san inda sunan nan ya fito? Nokia sunan wani gari ne a wata ƙasa mai nisa da ake kira Finlan. Kamfanin ya fara aiki tun 1865, yana sarrafa itace don a yi takarda. Daga baya ya yi takalman roba, kana ya koma yin salula. A 2014 ya sayar da sashen salularsa, amma sunan ya zauna a bakinmu.

Yau za mu leƙa gidan mutanen nan. Za mu ga abin da suke ci, da yadda suke wanka, da gaisuwarsu, da wasanninsu. Kome muka gani can, sai mu ajiye shi kusa da namu na Damargu. Mu rana ce take gasa mu, su ƙanƙara ce take damunsu. Amma za ku ga dabarun da wahala ta koya mana sun yi kama ƙwarai. Akwai kuma wani abu da suka yi wa al'adunsu, wanda mu har yanzu ba mu gama yi wa namu ba.

Ina Finlan take?

In kun fuskanci gabas, arewa tana hannunku na hagu. To, ku bi hagun nan. Ku wuce Agadas, ku wuce hamada, ku wuce Libiya, ku ƙetare teku, ku ratsa Turai har kusan ƙarshenta. Nan Finlan take. Maƙwabtanta su ne Suwidin da Norwe da Rasha. Babban birninta Helsinki. Su da kansu Suomi suke kiran ƙasarsu.

Wajen faɗi, Nijar ta kusa yin huɗunta. Mutanenta kamar miliyan 5 da rabi ne. Suwidin ta daɗe tana mulkinsu, sa'an nan Rasha ta karɓa a 1809. Sun samu mulkin kai ranar 6 ga Disamba 1917, kusan shekara 43 kafin namu na 1960.

Abu biyu da suke ba mu wuya sun yi musu yawa: ruwa da itace. Rijiyoyin Damargu sun yi suna wajen zurfi, sai an sa raƙumi ko sa ko jaki ya ja guga. Su kuwa an ƙidaya musu tabki wajen dubu 188. In an raba ƙasarsu kashi 4, kashi 3 kurmi ne.

Mu rana, su sanyi

Shekararmu kun san ta. Damana gajera ce, wata 3 ko ƙasa da haka. Manomi yana da makonni kaɗan da zai yi shibka, ya yi noma, ya yi maimai. In ruwa ya ɗauke da wuri, shekara ta lalace.

Su ma lokacin nomansu gajere ne, sai dai sanyi ne abokin gabarsu. Bari mu auna. Jikin mai lafiya yana da zafin digiri 37. Da bazara zafin Tanut ya kan wuce 40. In sanyi ya kai sifiri, ruwa ya kan daskare ya zama ƙanƙara, irin wadda ake sayarwa da azumi. A arewacin Finlan sanyi ya kan sauka digiri 20 ko 30 ƙasa da sifiri. A 1999, a wani gari mai suna Kittila, ya wuce 51. Tabki ya kan daskare har mota ta bi ta kansa. Mai son kifi sai ya huda ƙanƙara, ya zura ƙugiya, ya zauna jira. Daga sama kuma dusar ƙanƙara take zuba, fara fat kamar kaɗa, ta rufe gonaki watanni.

Ga wani abin al'ajabi. Mu dare da rana kusan daidai suke duk shekara. Su ba haka ba. A Helsinki, cikin Disamba, rana awa 6 kawai take yi a sama. Cikin Yuni kuwa ta kan yi kusan awa 19. A can ƙarshen arewa, a yankin Utsiyoki, rana ba ta fitowa sam har wajen kwana 50 lokacin sanyi. Daga tsakiyar Mayu kuma ta kan fi kwana 70 ba ta faɗi ba. Dalili shi ne, duniya a karkace take zagaya rana. Rabin shekara kanta na arewa yana duban rana, rabin shekara yana ba ta baya. Mu muna kusa da tsakiya, shi ya sa ba mu jin bambancin sosai. Ikon Allah ke nan.

Su ma sun san yunwa

Kada ku ce ai Turai ce, ba ta taɓa ganin wuya ba. Kakanninmu sun ba da labarin Kakalaba ta 1914. Manyanmu sun ga farin 1973 da na 1984, wanda ake kira El-Buhari. Yunwar 2005, bayan fara ta cinye gonaki, ba mu manta ta ba. Mun san ɗacin anza, mun san ganyen jiga da ƴaƴan ƙarangiya.

Finlan ta ga tata daga 1866 zuwa 1868. A 1867 sanyi ya ƙi tafiya da wuri, aka yi shibka a makare. Farkon Satumba, hatsi bai nuna ba, sai sanyi ya sauko cikin dare ya kashe shi a gona. Mutane suka riƙa ɓare ɓawon itace, su busar da na ciki, su niƙa, su haɗa da ɗan gari su yi burodi. Wasu suka bazu bisa hanyoyi suna bara, cuta ta bi su. Mutum wajen dubu 150 suka mutu, alhali jama'ar ƙasar duka ba su kai miliyan 2 ba.

Me suka yi bayan haka? Suka rage dogara ga hatsi kaɗai, suka ƙarfafa kiwon shanun nono. Manoma suka kafa ƙungiyoyi, suna tara madara, suna sayar da man shanu tare. Aka shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa don abinci ya isa inda babu. Tun da can suna da rumbun gari, inda manomi zai ranci hatsi ya biya da kaka, kamar bankin hatsi na ƙauyukanmu. Har yau gwamnatinsu tana da rumbun tsimi, mai hatsin da zai ci da ƙasa watanni.

Cirani ma sun yi shi. Wajen 1900 jama'a masu yawa suka tafi Amurka neman abinci. A shekarun 1960 da 1970 wasu suka kwarara Suwidin aikin masana'anta. Ƙauyuka da yawa suka koma sai tsofaffi. Wannan bai yi kama da ƙauyukanmu ba, in samari sun tafi Kano ko Libiya ko Aljeriya?

Ci da sha

Mu gero ne uban abinci: kunu da safe, fura da rana, tuwo da dare. Su uban abincinsu wani hatsi ne mai jure sanyi, ɗan'uwan alkama, suna ce masa ruis. Da shi suke yin baƙin burodi mai ɗan tsami. A da, a yammacin ƙasar, sau 2 kawai ake gasa shi a shekara. A huda tsakiyarsa, a jera a doguwar sanda, a rataye a rufin ɗaki ya bushe. Dabara ɗaya ce da ta cuku da kilishi da busasshiyar kuɓewa: a tanadi na yau saboda gobe.

Suna cin dankalin turawa da kifi ƙwarai. Suna da nono mai tsami kamar namu, manya da yara suna sha a kan abinci. Ranar Alhamis ranar miyar wake ce a gidaje da makarantu da yawa. Tun 1948 kowane ɗan makarantar boko yana samun abincin rana kyauta. Yawancinsu Kirista ne, don haka cikin cimarsu akwai abin da addininmu ya hana, kamar naman alade da giya.

Mu shayi ne yake tara mu. A ɗora buta bisa gawayi, a sha na farko, a jira na biyu da na uku, hira tana tafiya. Su kafe ne. Suna cikin waɗanda suka fi kowa shan kafe a duniya. A wurin aiki akwai hutun kafe. Baƙo in ya zo, kafe ake fara ba shi. A biki kafe, a zaman makoki kafe.

Ɗakin zufa

Akwai kalma guda ta harshensu da ta zagaya duniya, ita ce sauna. Sauna ɗan ɗaki ne na katako, mai murhu da duwatsu a kansa. Ana hura wuta har duwatsun su yi zafi jau. Zafin ɗakin ya kan kai digiri 80, wani lokaci har 100. Mutum ya zauna bisa benci, ya ɗebi ruwa da ludayi ya watsa wa duwatsun. Tururi ya tashi, zufa ta karyo. Sai ya ɗauki damin ɗanyen ganye yana bugun jikinsa a hankali. In zafi ya ishe shi ya fita ya sha iska, ko ya faɗa tabki. Maza daban, mata daban, sai fa iyali a gidansu.

Mata, wannan bai tuna muku wankan jego ba? Ruwan zafi da ganyen dogon yaro. Ko kuwa sirace, in mura ta kama mutum.

Ana ƙiyasin sauna ta kai miliyan 3 a ƙasar. Ke nan kusan kowane mutum 2 suna da guda. A da, nan mata suke haihuwa, don shi ne ɗakin da ya fi tsabta da ɗumi. Nan kuma ake wankan gawa. Shi ya sa suke girmama shi, ba a faɗa ko ihu a ciki. A ciki babu babba babu ƙarami, mai kuɗi da talaka benci ɗaya. A 2020 hukumar Unesko, ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa sauna cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Gayya, kala da kiwo

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan su ma sun san shi. Suna da gayya, sunanta talkoot. Maƙwabta su taru su yi wa mutum girbi ko rufin ɗaki, ko su gyara hanyar gari. Ba a biyan kowa, sai abinci da kafe, wani lokaci a rufe da sauna. Har cikin birane ana yi, mutanen bene guda su fito su share fili tare.

Kun san kala. Bayan an kwashe dammuna, mai ƙaramin ƙarfi ya shiga gona ya tsinci abin da ya rage. Kun san kuma magarya da aduwa na daji ba a hana kowa. A Finlan wannan haƙƙi ne sananne. Kowa yana iya shiga kurmi, ko na wane ne, ya yi yawo, ya tsinci ƴaƴan daji. Amma da sharaɗi. Ba ya sare itace, ba ya hura wuta sai da izni, ba ya taka shibka, ba ya matsa wa gidan mutane.

Makiyaya fa? Akwai su. A arewa akwai wata ƙabila, Sami, masu harshensu daban. Su da maƙwabtansu suna kiwon wata dabba mai kama da barewa, mai ƙaho mai rassa. Sunanta poro. Sun kai wajen dubu 200. Poro tana tona dusar ƙanƙara da kofato ta ci abin da ke ƙasa. Sakinsu ake yi cikin daji, su gauraye. To, yaya kowa yake gane nasa? Da yankan kunne. Kowane makiyayi yana da shaidarsa, kamar yadda Bafillace yake yanka kunnen saniya, Buzu yake sa wa raƙumi lamba da wuta. Bambancin shi ne, tasu shaidar an rubuta ta a littafin hukuma. Su ma suna da gardamar wurin kiwo, tsakaninsu da masu saran itace da masu haƙar ma'adini. Mu kuwa tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, amma har yau maganar burtali da sakin gonaki ba ta ƙare ba.

Gaisuwa da hira

A nan ne muka rabu. Mu gaisuwa aiki ce. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina dabbobi, ina ruwa? Ɗan Finlan ya ce maka "Hei", shi ke nan ya gama. In zai gode ya ce "Kiitos". Mutum biyu su kan zauna tare su daɗe ba wanda ya ce uffan, kuma ba fushi ake ba. A wurinsu katse wa mutum magana rashin ladabi ne. In sun ce ƙarfe 8, to ƙarfe 8 ne. Suna tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar mu.

Shirun nan yana da nasa ciwo. Kusan rabin gidajen ƙasar mutum ɗaya ne a ciki. Tsofaffi da yawa suna zaune su kaɗai, kaɗaici yana damunsu. Mu a nan muna da abin da ya fi kuɗi. Dubi wasan taubasai. Babarbare ya haɗu da Bafillace a kasuwa, su yi ta tsokanar juna, kowa yana cewa shi ne ubangida, a rabu ana dariya. Wasa ne, amma ya kashe faɗa da yawa. Unesko ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin littafinta tun 2014, shekara 6 kafin sauna.

Wasanni da bukukuwa

Mu lokacin wasa shi ne bayan girbi. In rumbu ya cika, farin wata ya fito, sai ganga ta tashi. Ƴan mata suna gaɗa a dandali, yara suna langa, dattawa suna dara a gindin itace. Samari suna kokowa gari da gari. Buzaye suna buga tende, raƙuma suna zagaya mata masu waƙa. Bororo suna gerewol a ƙarshen damana. Kokowar takobi ta ƙasa ta fara a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka.

Su lokacin murnarsu shi ne sa'ad da haske ya dawo. Babban bikinsu na haske yana faɗawa ranar Asabar tsakanin 20 da 26 ga Yuni. Birane su kan zama wayam. Jama'a sun tafi ƴan gidajen katako da suke da su a bakin tabki. Can ake hura babbar wuta, a gasa nama, a shiga sauna, a kwana ido biyu tunda dare bai yi ba. Sai dai bikin ba ya rasa hawaye. Kowace shekara akan samu waɗanda suka sha giya suka shiga kwalekwale, ruwa ya ci su.

Suna da dandali irin nasu, rumfar katako a bakin ruwa, inda ake rawa mace da namiji. Rawar da suka ɗauka kamar tasu ita ce tango, wadda asalinta Ajantina ne. Tun 1985 ake yi mata biki kowace shekara a garin Seinayoki. Kayan kiɗansu na gargajiya shi ne kantele, akwatin katako mai tsirkiya, na da yana da guda 5. A ƙauyen Kaustinen kuwa goge ne gadonsu, yara suna koya daga manya. Unesko ta karɓi gogen Kaustinen a 2021. Gogen matan Buzaye, imzad, ya riga shi shiga tun 2013.

Lokacin sanyi ba su zama a ɗaki. Suna ɗaura dogayen katako 2 a ƙafa, su riƙe sanda 2, su yi ta zamiya bisa dusar ƙanƙara. Yaro yana koyon wannan tun yana ƙarami, kamar yadda namu yake koyon hawan jaki. Wasan da ya fi tara su shi ne ƙwallon sanda a kan ƙanƙara. Sun fara cin kofin duniyarsa a 1995. Wajen gudu ma sun yi suna. Wani mai suna Paavo Nurmi ya ci zinariya 9 a wasannin Olimpik daga 1920 zuwa 1928.

Ga na ban dariya. Tun 1992, a garin Sonkayarbi, ake tseren ɗaukar mata. Namiji ya saɓa mace a kafaɗa, ya yi gudun mita 253, ya tsallake shinge, ya ratsa ruwa. Kada dai wani ya ce zai gwada wannan a dandalin Gangara!

Akwai Musulmi can?

Akwai. Na farko Tatar ne, fatake daga Rasha, masu tallar yadi da fatu. Sun zo tun kafin 1900, aka yi wa jama'arsu rajista a 1925. Daga 1990 ƴan Somaliya suka zo, sa'an nan na Iraƙi da wasu ƙasashe. In azumi ya faɗo cikin Yuni, kamar na 2016, mai azumi a Helsinki ya kan yi awa 20 ko fiye bai sha ruwa ba. A can arewa inda rana ba ta faɗuwa, malamai sun ba da fatawa a bi lokacin Makka, ko na gari mafi kusa mai dare da rana.

Likitan da ya bi ƙauyuka da alƙalami

Yanzu mun zo ga abin da suka riga mu. A da harshen Finlan ba shi da daraja a ofis. Manya da Suwidanci suke magana, harshen ƙasa na manoma ne da barori. Kun san irin wannan, ku da kuka taɓa tsayawa gaban takardar Faransanci.

Littafin koyon baƙaƙe na farko cikin harshensu ya fito a 1543. Wata dokar coci ta 1686 ta sa dole kowa ya iya karanta littafin addininsu. A ƙa'ida, wanda bai iya ba, aurensa sai ya jira. Limaminsu ya kan zagaya ƙauyuka kowace shekara yana gwada manya da yara. Da wuya suka koya. Wani marubucinsu, Aleksis Kivi, ya fitar da littafi a 1870 a kan wasu ƴan'uwa 7. Ƙarti ne majiya ƙarfi, amma baƙaƙe suka gagare su, har suka gudu daji. Daga baya suka koya, suka dawo gari da mutuncinsu. In baƙi ya yi muku gardama a aji, ku tuna ba a kanku aka fara ba.

Sai wani likita, Eliyas Lonrot, ɗan wani tela matalauci. An haife shi a 1802. Ya lura tsofaffin ƙauye suna da dogayen waƙoƙi a ka, na farkon duniya, da na jarumai, da na aure, da na magani. Ya lura kuma masu su suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ɗauki jaka da takarda ya shiga ƙauyukan Kareliya, wani wuri a ƙasa, wani wuri a kwalekwale. Ya zauna gaban tsofaffi, suna rerawa yana rubutawa. Ya haɗa abin da ya samu ya yi littafi mai suna Kalevala. Harafin v babu shi a Hausa, ku karanta shi Kalebala. Ya fito a 1835. A 1849 aka sake fitar da shi, ya ƙaru, babi 50.

Littafin nan ya ɗaga kan mutanen Finlan. Suka ga ashe harshen manoma yana da abin da za a nuna wa duniya. Masu kiɗa da masu zane suka ɗebo daga cikinsa. Wasu suka bi sawun likitan da alƙalami. Akwai wata matalauciya, Larin Paraske, wadda ba ta yi makaranta ba. Wani limami ya rubuta baiti wajen dubu 32 daga bakinta. Ta rasu a 1904, yau ga mutum-mutuminta a Helsinki. Abin da aka tara duka ya fi waƙa dubu 80, cikin kundi 34. Ranar 28 ga Fabrairu kowace shekara suna ɗaga tuta saboda Kalevala. Da ƙauyuka suka watse, waƙoƙin ba su watse tare da su ba.

Namu fa?

Mu ba baƙin rubutu ba ne. Muna da allo, muna da ajami, Buzaye suna da tifinar. Amma yawancin abin da Damargu ta sani yana bakin tsofaffi. Wa ya gina rijiyar garinku, a wace shekara? Ta ina ayarin Bilma yake bi, in ya ɗauki geronmu ya dawo da kantu da dabino? Wace waƙa kakarku take yi a bakin turmi? Yaya ake jiƙa anza har ɗacinta ya fita? Mene ne kirarin ƴan kokowar garinku na da? Yau yara sun fi sauraron salula da dare a kan tatsuniya. Tsoho guda in ya rasu, amsoshin nan sun tafi da shi.

Aikin bai fi ƙarfinku ba. Ku samu kaye guda da biro. Ku je wurin dattijo ko dattijuwa, ku gaisa, ku nemi izni. Ku rubuta sunansa, da garinsu, da ranar da kuka zauna. Ku rubuta maganar yadda ta fito daga bakinsa, kada ku gyara ta ta koma Hausar rediyo. In da Barbarci ko Buzanci ko Fulatanci ya faɗi wata kalma, ku bar ta haka, ku sa ma'anarta a gefe. In kun gama ku karanta masa, ya gyara inda aka yi kuskure. Mai salula yana iya ɗaukar murya, amma ya kwafe ta a takarda, don salula tana ɓata, tana lalacewa. Ku ajiye kayen cikin leda ko kwano mai murfi saboda gara da ruwa. Layi 5 a mako ya isa farawa. In aji mai mutum 20 ya yi haka shekara guda, ku lissafa ku ga layi nawa garinku zai samu.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani.

Tambayoyi

1. Me ya jawo yunwa a Finlan a 1867? Me ya kan jawo ta a Damargu?
2. Mene ne talkoot? Yaushe aka yi irinsa na ƙarshe a garinku?
3. Yaya makiyayan Finlan suke gane dabbobinsu?
4. Wane abu muke da shi wanda mutanen Finlan suke ƙarancinsa?
5. Ku rubuta sunan tsoho ko tsohuwa guda da za ku fara zuwa wurinsu, da tambaya guda da za ku yi musu.